Shayin Sulhu

Kusan duk wata sai wani cikin ɗalibanmu ya tare ni bayan an taso daga Juma'a, ya rusuna ya ce, "Baba Sani, don Allah a sama min gurbi a wajen aikinku. An ce waya kawai kuke bugawa." Waya kawai! Nakan dube shi daga hula har takalmi in ce, "To madalla. Ka taɓa tambayar sa'an mahaifinka ko ɗansa yana bin mata?" Sai yaro ya sunkuyar da kai yana murmushi yana sosa ƙeya. Daga nan na san ba zai iya ba.

Tunda kuna ta tambaya, ku zauna ku ji. Ni karatu ya kawo ni Kuala Lumpur tun gemuna yana baƙi, karatun ya ƙare ni kuma na maƙale. Aikina binciken hali. A Bukit Jalil da kewaye akwai manyan gine-gine masu sanyi kamar firji, cike da kwamfutoci, inda bankuna da asibitoci da ma'aikatu ke ajiye sirrin jama'a. Ba wanda ke shiga ciki ya yi aiki sai da takardar amincewa, komai yawan digirinsa. Kafin a ba shi takardar sai an tono ko shi wane ne. Kamfanin da nake wa aiki shi ake ba wa wannan tonon, ni kuma duk wanda ya fito daga Najeriya ko Nijar ko Gana, a teburina sunansa ke sauka.

Kayan aikin ba su da yawa. Waya, da abin sawa a kunne, da kwamfuta, da kofin shayi. Kada ku yi dariya, kofin nan shi ne babba. Wanda ya koya min aikin wani tsohon ɗan sanda ne Ba'indiye, Mista Maniyam, mutum mai gajen haƙuri da dogon gashin baki. Farkon zuwana in na yi tambaya mai nauyi sai kunya ta kama ni, in yi sauri in amsa wa mutum da kaina. In ce, "Ba ka taɓa samun matsala da hukuma ba ko? Ai na sani." Rannan ya fizge abin kunnen daga kaina, ya ja ni shagon mamak da ke ƙasan ofis, irin shagunan Indiyawa Musulmi masu shayi da gurasa, ya saya min shayi mai zafin da ba ya shayuwa. Ya ce, "In ka yi tambaya, ka kai kofi baki. Bakin da ke shan shayi ba ya ceton kowa." Na daɗe ina ƙona harshe kafin in iya yin shiru.

Akwai wani yaro ɗan Jos da na bincika a farkon aikina. Ina tambayarsa, kafin in ajiye kofi ya zazzage min komai: ya taɓa shan giya, ya taɓa fasa wa wani baki a gidan rawa, ya kwana a hannun 'yan sanda, ga sunan wanda ya yi belinsa. Na fito jikina a sanyaye, na ce wa Mista Maniyam wannan kam ya kashe kansa. Ya ce, "Wannan zai wuce, lah," da ɗan ƙarin nan da mutanen garin ke liƙa wa magana. Ya kuwa wuce. Kamfani bai damu da lahirarka ba. Abu biyu yake tsoro. Na farko, mutumin da ke da abin ɓoyo, domin duk wanda ya gano abin zai iya matsa shi ya buɗe ƙofar da aka ba shi amana. Na biyu, mutumin da in ya samu iko a kan wanda ya fi shi rauni yake amfani da shi. Wanda ya faɗi laifinsa da bakinsa, ba wanda zai tsorata shi da shi.

Wani kuma ya ba ni lambar tsohon manajansa a Kaduna. Na kira, manaja yana ta zuba Turanci yana yabon yaro, sai ga kukan akuya, sai ga muryar tsohuwa tana cewa, "Kai Bala, in wayar ƙaninka ce ka ce masa ya turo kuɗin magani." Irin waɗannan su ne na dariya, su nake ba da labari a wajen biki.

Abin da ya sa aka ɗauke ni ba Hausa kawai ba ce, sanin yadda mutanenmu ke ba da shaida ne. Bahaushe ba ya ɓata mutum a gaban baƙo. Ka kira limami ko mai unguwa ko tsohon malami, kowa "yaron kirki ne, ɗan gidan mutunci." Saboda haka ba na tambayar ko mutumin kirki ne. Cewa nake, "Alhaji, in za ka yi tafiya, za ka bar masa makullin gidanka da iyalinka a ciki?" Sai in kai kofi baki. Wanda ya yarda da mutum ba ya jinkiri. Wanda bai yarda ba sai ya fara gyaran murya, ya fara yi mana addu'ar shiriya baki ɗaya.

Shekarun korona su ne mafi muni a aikin nan. An kulle gari, kedai, wato shaguna, duk a rufe, abinci sai dai a yi tapau, wato a ƙunsa maka, a kawo maka bakin ƙofa a leda. Da can nakan je in zauna da mutum, in ga yadda yake riƙe hannunsa, in gaisa da mai gadin gidansu. Yanzu sai fuska a cikin kwamfuta, tana motsi tana daskarewa. Aikin kuma ya ninku, don kowa ya koma yanar gizo, gine-ginen nan masu sanyi suna neman ma'aikata ruwa a jallo. A cikin shekara ta biyu ta kullen sunan Mansur ya sauka a teburina.

Na san shi sama-sama, irin sanin filin Idi. Ɗan Katsina ne, yana gab da gama digiri na uku a fannin tsaron kwamfuta, yana zaune a Cheras da matarsa da 'yarsu ƙarama. Tallafin karatunsa ya ƙare, bizarsa ta ɗalibi ita ma ta kusa. Wani kamfani ya ɗauke shi aiki, saura takardar amincewa. In ta fito, ya samu bizar aiki ya zauna da iyalinsa. In ba ta fito ba, sai gida, hannu rabbana. Na gaya wa shugabarmu, Puwan Zaitun, cewa na san fuskarsa. Ta ce ba ta da wani mai jin Hausa, in yi aikina.

Takardunsa tsaf. Malamansa na jami'a suna son sa. Mai shaidarsa na farko Alhaji Ɗanlami ne, dattijon 'yan kasuwarmu mai aika kayan ɗaki zuwa Kano, wanda duk ɗalibin da ya sauka a garin nan sai ya ci tuwon gidansa. Alhaji ya ce, "Mansur? Ai lokacin kulle na farko shi ya riƙe mu. Da muka haɗa shinkafa da mai da ƙwai don ɗaliban da kuɗinsu ya maƙale, shi ya ɗauki motarsa yana bi gida-gida, kowa na tsoron cuta." Na yi masa tambayar makulli na kai kofi baki. Alhaji ya yi tari. Ya ce layin ba kyau.

Washegari na kira ofishin da ke kula da ɗaliban waje a jami'arsa, kamar yadda muke yi wa kowa. Matar da ta ɗauka ta duba, ta ce akwai ƙorafi da aka taɓa shigarwa a kansa aka janye. Wata ɗaliba 'yar Indunusiya ce ta fara kawo maganar a madadin abokiyar zamanta, 'yar Najeriya mai suna Bilkisu. A lokacin rabon abincin nan, wai Mansur ya riƙa aika wa Bilkisu saƙonni da hotunan da bakina ba zai iya faɗa ba. Da ta ƙi amsawa, sai kasonta ya daina zuwa. Ya ce in tana so ta sauko wajen ajiye motoci ta karɓa da kanta. Yunwa ta sauko da ita, ya riƙe ta a cikin mota, da ƙyar ta ƙwace. An kira shi an yi masa tambayoyi, daga baya yarinyar ta zo ta ce an sasanta a gida.

Wallahi ina sauraron matar nan kunnuwana suna zafi kamar ni na aikata. Ta ƙare da cewa, "Ɗan ƙasarku ne ko?" Na ce eh.

Ƙa'idarmu ita ce ba ka gaya wa mutum abin da ka sani. Tambaya kake, ka ba shi dama ya faɗa da kansa. Na kira Mansur ta bidiyo da hantsi. Ya sa farar riga da hula, ya gaishe ni kamar uba. Muna cikin magana 'yarsa ta hau cinyarsa tana jan gemunsa tana cewa, "Abba, makan, makan," ya yi dariya ya ce abinci take so, ya miƙa ta ga uwarta. Na jira ƙofa ta rufu. Na ce, "Malam Mansur, an taɓa kai ƙararka a ko'ina, makaranta ko wajen aiki ko unguwa, kan wani abu tsakaninka da mace?" Na kai kofi baki.

Ya ce, "A'a, Baba."

Na ce, "Ko da an janye. Ko da an sasanta. Ka yi tunani, ba sauri nake ba."

Ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Babu, Baba. Ba ni da wata magana da kowa."

Na juya tambayar ta kowace fuska da na iya, har na fara keta ƙa'ida. Na ce masa na ga mutane da yawa da suka faɗi abu mai nauyi suka wuce. Ya ce Allah ya kiyaye, shi dai babu. Shayina ya huce ban sani ba.

Da na kai wa Puwan Zaitun rahoto ta ce magana ta ƙare, ga ƙorafi ga ƙarya. Ni ne na tsaya masa. Na ce mata a wajenmu in dattawa suka zauna, mai laifi ya durƙusa, wanda aka yi wa laifi ya yafe, aka shafa fatiha, to magana ta mutu. Tono ta ma laifi ne. Mutum zai iya rantsuwa cewa ba shi da magana da kowa, kuma a zuciyarsa ba ƙarya yake ba. Na yi mata dogon bayani a kan sulhu, har da alfahari, na ce mu ba ma gaggawar kai juna gaban hukuma, muna da hanyarmu ta gyara mutum ba tare da an kashe shi ba. Ta saurare ni ta cikin kwamfuta, ta ce, "To. In ka tabbatar min sulhun nan na gaske ne, yarinyar ta yarda da bakinta, zan ba shi dama ya sake zama a yi masa tambaya. In ba haka ba, ka san abin da za mu rubuta." Mu kuma ba mu da izinin neman wadda ta janye ƙara. Sai na koma ga Alhaji Ɗanlami na tambaye shi kai tsaye.

Alhaji bai musa ba. Ya ce a falonsa aka yi, a ɓoye saboda dokar kulle. Mansur ya yi kuka, ya ce sharrin Shaiɗan ne, an yi masa faɗa sosai, an yafe. Ya ce, "Malam Sani, maganar nan ba ta waya ba ce. Za mu zo."

Lokacin an hana ziyara, amma an yarda mutum ya fita motsa jiki. Sai ga dattawa a bakin tafkin Titiwangsa, kusa da gidana, da sassafe. Ku kwatanta: 'yan gari suna gudu da gajeren wando, ga Alhaji Ɗanlami da Malam Habu mai koyar da yaranmu karatu da wani dattijo, kowa da kaftani da hula da takunkumi, suna ɗaga ƙafa wai motsa jiki suke kada jami'ai su yi magana. Da wata rana ce da na yi dariya. A bayansu, nesa kaɗan, wata yarinya ce siririya cikin hijabi ruwan toka, rungume da kular abinci.

Muka yi ta zagaya tafki suna magana ta cikin takunkumi. Malam Habu ya kawo falalar rufa asirin Musulmi. Ɗayan ya ce in tuna da matar Mansur da 'yarsa, su me suka yi? Alhaji ya ce in aka hana ɗanmu saboda irin wannan, gobe duk ɗan Arewa da ya nemi aiki da wannan idon za a kalle shi. Duk abin da suka faɗa na riga na faɗa wa kaina. Can sai Alhaji ya tsaya a gindin wata bishiya, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Dattijon da ya girme ni, kansa a buɗe, mutane suna wucewa suna kallo. Na ce, "Subhanallahi, Alhaji, mayar da hularka don Allah." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya ce, "Ga yarinyar ma mun zo da ita, ka ji daga bakinta. Bilkisu, matso. Tuwo ta yi maka da miyar kuka, tun asuba take aiki."

Ta matso ta durƙusa ta ajiye kular a gabana. Idonta a ƙasa ta ce, "Baba, ina kwana. Na yafe masa duniya da lahira. Don Allah a taimaka masa." Ta faɗe shi tiryan-tiryan kamar hadda.

Abin da nake nema ke nan. Da na ce na gode na ɗauki kula, da Mansur ya samu damarsa. Amma aiki ya riga ya shiga jikina, kuma shaida ba ta cika sai an san inda mutum yake lokacin da abu ya faru. Na ce, "'Yata, ranar sulhun, me kika ce musu?"

Alhaji ya ce, "Ai magana ta wuce, Malam Sani."

Ba ni da kofi a hannu, sai na cije leɓena a cikin takunkumi na yi shiru. Wani mai keke ya wuce mu.

Ta ce, "Ban ce komai ba, Baba. Ba na falon."

Na ce, "Kina ina?"

Ta ce, "Ina kicin da Hajiya. An ce bai dace mace ta zauna cikin maza ana irin wannan maganar ba. Ni na dafa musu shayi. Da na kawo, Alhaji ya ce an gama, ya yafe a madadina tunda Babana shi ya ba wa amanata. Aka ce gobe in je makaranta in janye." Ta ɗan ɗago. Ba kuka take ba, da ma kuka ne da ya fi min sauƙi. Ta ce, "Har shi Mansur ɗin na zuba wa. Ya ce a ƙara masa sukari."

Alhaji yana tsaye da hula a hannu, kuma na lura ba kunya ce a idonsa ba, mamaki ne. Shi a wajensa daidai ya yi: ya kare mutuncin yarinya, ya hana sunanta yawo, ya hana ta zama gaban maza tana faɗin abin da ba ya faɗuwa. Ya ce, "To da ya kake so a yi? A zaunar da ita a tsakiyar falo?" Ni ma in da ni ne a falon nan, abin da Alhaji ya yi shi zan yi. Na zauna a sulhu ba adadi a garin nan, na mata da miji, na 'yan kasuwa, na ɗalibai. Kullum akwai shayi, kullum daga kicin yake fitowa.

Da rana Puwan Zaitun ta kira ta bidiyo. Ta ce, "Boleh?" wato zai yiwu? Na ce ba zai yiwu ba. Ta ce, "Kai da ka cika min kunne da al'adarku?" Dole na ba ta labari, da falon da kicin da sukarin, cikin Turanci, kalma bayan kalma. A duk shekarun da na yi ina aikin nan ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba. Ba ta ce komai a kan mutanenmu ba. Ta cire tabarau ta goge, ta ce in rubuta.

Na rubuta abin da ya faru da abin da ya ce da aka tambaye shi. Aka hana shi takardar. Da jirage suka fara tashi ya kwashe iyalinsa suka koma. Kafin su tafi matarsa ta samu lambata ta kira, ta ce, "Baba, don girman Allah me ya yi? Ya ce min ƙiyayya ce kawai." Ƙa'ida ta hana ni faɗa. Na ce, "Ki tambaye shi, 'yata." Ta ce ta tambaya. Ta yi min sallama cikin ladabi ta kashe.

Bilkisu ma ba ta tsira ba. Aka ce ta kunyata dattawa a bainar jama'a, gidan Alhaji ya rufu gare ta, matan da ke kiranta biki suka daina. Ta gama karatunta a ɗakinta ta tafi ba sallama. Tuwon nata mai gadin gidanmu na ba wa, ni na kasa ci.

To kun ji aikin waya. Wanda har yanzu yake so, ya zo ofis ranar Litinin, zan saya masa shayi mai zafi mu ga iya shirunsa. Ni dai tun daga tafkin nan, in aka kira ni zaman sulhu ina zuwa, in zauna inda aka nuna min. In aka shigo da tire, ba na miƙa hannu sai na tambayi wanda ya dafa, in ce a kira min shi ya zo ya zauna. An daina gayyatata.